Kafin ka biya kuɗin jirgin kogin Rhine, duba ruwa

Mai shirin yawon buɗe ido a kogin Rhine ya fi kyau ya dogara da taswirar intanet maimakon hotunan talla. A Oktoban 2018 ma'aunin ruwa na Kaub, a Jamus, ya sauka zuwa santimita 25, jirage da yawa suka kasa wucewa, aka riƙa kwashe fasinjoji a bas. Jiragen suna sanar da inda suke ta na'urar AIS, shafin MarineTraffic kuma yana nuna su a kan taswira. Wasu za su ce tun da wuri ake biyan kuɗi, taswira kuwa halin yau kaɗai take nunawa. Haka ne, amma wanda ya ga jirage sun yi cirko-cirko a birnin Koblenz kafin ranar tashinsa yana da damar neman kamfani ya sauya masa rana.