Zubin 1993 Da Na 2013: Ina 'Yan Baya Suka Shige?

Sanin kowa ne cewa in ana gardamar ƙwallo a majalisun cikin birni, daga Ƙofar Mata har Gwale, ba a ƙirga komai sai ƙwallayen da aka zuba a raga. A ganina wannan awo ne da gurguwar mudu. Zubin 'yan wasa ba a gane albarkarsa sai an duba 'yan bayansa bayan shekara goma.

Mu ɗauki samarin Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 17. Zubin 1993 ya ci kofin duniya a Japan, inda ya doke Ghana da ci 2 da 1. Kowa yana tuna Nwankwo Kanu, amma a bayansa akwai Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, da Mobi Oparaku. Shekara uku kacal tsakani, su biyun suna cikin waɗanda suka ciyo lambar zinariya a wasannin Olamfik na 1996, Babayaro kuwa har ya kai Chelsea a 1997. Wannan shi ne shuka ta yi yabanya kuma ta kai rumbu.

Zubin 2013 fa? Sun lallasa Meziko da ci 3 da nema a Abu Dabi, kyaftin ɗinsu ma ɗan Kano ne, Musa Muhammed, mai tsaron baya ta dama, wanda ya ci ta ukun da bugun tazara. To amma Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi ne suka yi nisa. Cikin 'yan bayan nan babu wanda ya kafa kujera mai ɗorewa a babbar ƙungiyar ƙasa. Haka zubin 2015 ya ba mu Osimhen da Chukwueze, duk 'yan gaba.

Laifin ba na yaran ba ne. Je ka kowane fili a gindin ganuwa da la'asar, za ka tarar kowa lamba tara yake so, sai a tura wanda ba ya da sauri baya, kamar horo. Dillalan Turai su ma mai cin ƙwallo suke nema, domin shi ne ke da tsada. Tsaron baya kuwa sana'a ce mai jinkirin nuna, tana bukatar malami da haƙuri.

Saboda haka ina kira ga hukumar wasanni ta jiha da ta sanya kyautar gwanin ɗan baya a gasar makarantun sakandare, ta kuma ɗauki tsofaffin 'yan bayan Raccah Rovers da Kano Pillars aikin koyar da yara a unguwanni.