Kafin Ki Kwance Haɓar Zane Domin Littattafan JAMB



Ran Asabar da ta wuce wata maƙwabciyarmu a nan Ƙofar Ƙaura ta yi sallama gidanmu, 'yarta na biye da ita ɗauke da jaka. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malama, ga su nan, kwasar adashina duka na zuba. Duba mini ko sun isa." Na zazzage jaka bisa tabarma, littafi 11 cif. Na tambayi yarinya abin da take so ta karanta, ta ce aikin jinya. To, huɗu daga cikinsu na tattalin arziki ne da sha'anin mulki, waɗanda ba za a tambaye ta ko harafi ɗaya a kansu ba. Littafin labarin Turanci kuwa wanda aka daina ne. Watau mai kanti ya ga uwa da kuɗi a hannu, ya sauke mata kwantai.

Ban ga laifin baiwar Allah ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata yadda abin yake, shi ya sa na ce bari in faɗa a nan.

Ita hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, darasi huɗu take jarraba yaro. Turanci tilas ne ga kowa, sauran ukun kuwa abin da yarinya ke son karantawa shi ke zaɓa mata su. Mai son likitanci ko jinya, bayoloji da kemistiri da fiziks ne nata. Mai son aikin lauya sai ta haɗa da adabin Turanci. In aka kuskure wannan haɗi tun wurin yin rajista, ko maki nawa ta ci jami'a tana iya ƙin ɗaukarta, shekara ta tafi a banza. Mu kuwa mata mun san abin da shekara guda ta zaman gida take jawowa. Kafin a ankara dangi sun fara cewa karatun nan ya isa haka.

Saboda haka abin fari ba na saye ba ne. Hukumar tana da manhaja ta kowane darasi, da kundin da ke nuna darussan da kowane fanni ke bukata, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ne, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, ko wata. Duka suna intanet kyauta. A sa wani ya buɗe a waya, a buga shafukan da suka shafe ta a takarda. Da wannan takarda za a tafi kanti. Littafi ɗaya mai kyau ga kowane darasi ya isa, sau da yawa ma wanda ta yi aji shida da shi ne, sai a ƙara da na tambayoyin shekarun baya. Shi ma wannan a buɗe a duba. In amsa kawai ya jera, ba bayanin yadda aka same ta, a ajiye masa kayansa. Na sha ganin amsar da ba daidai ba cikin irin waɗannan, yarinya ta haddace kuskure tana murna.

Littafin labari kuwa sauya shi ake yi. Daga 2021 zuwa 2024 The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli aka karanta, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Kada a sayi kowanne sai an ji na shekarar daga hukumar.

Sai batun gidajen lesin, da suka yi yawa a gari kamar jamfa a Jos. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin wannan jarrabawa. Tambaya 180 ce cikin awa 2, Turanci 60, sauran 40 kowanne. In kin lissafa, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Ranar da na yi tawa, wadda ke kusa da ni ta daɗe tana zaune tana kallon allo, hannunta na rawa, don ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba. Alhali abin ba wuya: A, B, C, D na amsa ne, N ta kai ki gaba, P ta komo da ke baya. Har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Don haka, uwa, kafin ki biya, ki yafa mayafinki ki tafi da kanki. Ki ƙirga kwamfutocin da ke aiki, ki ƙirga yara. Ki tambaya sau nawa a mako 'yarki za ta zauna ta yi gwaji ana duba mata agogo, wa ke koyar da kemistiri, kuma ƙarfe nawa ake tashi, gama bai kamata yarinya ta kai magariba a hanya ba. Wanda ya ce miki yana da hanyar samo amsa, ko zai ƙara mata maki bayan an gama, ki tashi ki bar wurin. In an kama, sakamakon 'yarki za a soke. Sa'ad da aka fara fitar da sakamakon 2025, cikin mutum sama da miliyan 1.9, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 cikin 400 ba. Da masu alkawarin nan gaskiya suke faɗi, ai da ba a ga haka ba.

Har wa yau, hukumar kan shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, ga wanda ya nema lokacin rajista. Kuɗinta ya fi na littafi na biyar amfani.

Ran Litinin na raka maƙwabciyar tawa kantin. Bayan doguwar magana mai kanti ya karɓi uku ya musanya mana da na fiziks da na tambayoyin baya, sauran biyun ya ce an riga an rubuta suna a ciki. Yarinya kuwa ta fara zuwa wurina da la'asar, muna yin tambaya 40 da agogo a gabanmu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.