Rarrabuwar kan siyasa a Masarautar Daura

Rarrabuwar kan siyasa a Masarautar Daura na nufin rabuwar jama'ar ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango, tsakanin magoya bayan Muhammadu Buhari da 'yan adawa, musamman tun daga 2003.

Asali

Buhari ɗan Daura ne. Ya nemi shugabancin Najeriya a ANPP a 2003 da 2007, a CPC a 2011, sannan ya ci a APC a 2015. A tsawon waɗannan shekaru aka saba da zaɓen "sak", wato a dangwala wa jam'iyyarsa tun daga sama har ƙasa ba tare da duba ɗan takara ba. Wannan ya sa mutane da yawa suka riƙa ɗaukar adawa a matsayin cin amanar ɗan gida, abin da ya rage wa talaka ikon tuhumar wakilinsa. Bayan zaɓen 2011 tarzoma ta ɓarke a jihohin Arewa 12, har da Katsina, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum fiye da 800.

Rabuwar ta shiga har cikin gidaje. A zaɓen cike gurbin sanatan shiyyar Daura na 2018, Ahmad Babba Kaita na APC ya kayar da ɗan'uwansa Kabir Babba Kaita na PDP. A 2022 shi kansa Ahmad ɗin ya koma PDP.

Ƙananan hukumomi

A nan ne ƙa'idojin dimokuraɗiyya suka fi shan wahala. A 2015 Gwamna Aminu Bello Masari ya rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi na PDP, har da na masarautar Daura. Sai a watan Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce matakin ya saɓa wa tsarin mulki, lokacin da wa'adinsu ya riga ya ƙare da daɗewa. A zaɓen Fabrairun 2025 APC ta lashe duka ƙananan hukumomi 34 na jihar.

Bayan Buhari

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, da Buhari ba ya takara, Atiku Abubakar na PDP ya ci jihar Katsina da ƙuri'u 489,045, Bola Tinubu ya samu 482,283. Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka yi masa jana'iza a Daura bayan kwana biyu.