Bahaushe Kirista Ba Baƙo Ba Ne a Gidan Ubansa

Ranar Juma'a, motocin da ke tasowa daga Indabo da sauran garuruwan ƙasar Wudil sukan cika da masu zuwa kasuwar shanu. A irin wannan rana hira kan yi daɗi tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba: a taɓa tsadar taki, a taɓa damina, har a kira salla. Ɗaya ya miƙe, ɗayan ya ce shi zai tsare kaya, domin shi Kirista ne. Sai tambaya ta biyo baya: "To, malam, asalinka wane yare ne?" In ya ce Bahaushe ne gaba da baya, sai a yi masa murmushin rashin yarda. Ran Lahadi kuma, in ya doshi wata majami'a a Sabon Garin Kano da babbar riga da hula, masu tsaron ƙofa sai sun dube shi sau biyu.

Duka ɓangarorin biyu kuskure ɗaya suke yi: sun ɗauka Hausanci da Kiristanci ba sa zama a jiki ɗaya. Wannan zato ba shi da tushe, kuma illarsa ta fi cin iyali.

Tarihi ya riga ya ƙaryata shi. Gaskiya ne a 1900 ayarin Bishop Tugwell ya iso Kano, Sarki Alu ya sallame su. Amma Dokta Walter Miller, wanda ke cikin ayarin, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, aikin nasa kuma ya koma Wusasa daga baya. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Daga wannan al'umma aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. Daga cikinta aka sami John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A karkarar Kano da Katsina kuwa, Maguzawa da yawa sun karɓi bishara ba tare da sun bar gonakin kakanninsu ba. Wanda ya ce waɗannan ba Hausawa ba ne, sai ya faɗi ƙasar da suka fito.

Za a ce ai mafi rinjayen Hausawa Musulmi ne, kuma Musulunci ya ratsa harshen da al'adar tun ƙarnoni da dama. Haka ne, babu mai musun wannan. Shi ya sa Bahaushe Kirista yake kiran Mahalicci da sunan Allah, yake cewa "in Allah ya yarda", yake sa wa ɗansa suna Musa ko Dauda ko Ishaku. Amma rinjaye ba shi ne iyakar asali ba. Larabawa Kiristoci suna nan a Masar da Labanan tun kafin wani Bature ya yi tunanin aikin mishan, ba wanda ya ce sun daina zama Larabawa.

Laifin da ya fi zafi shi ne na 'yan'uwa a bangaskiya. Akwai masu ganin cewa tuban Bahaushe bai cika ba sai ya cire hula, ya sauya suna, ya yi addu'a da Turanci. Wannan gardama an kashe ta tun zamanin manzanni. A sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni, taron Urushalima ya yanke cewa ba sai al'ummai sun zama Yahudawa ba kafin su bi Almasihu. In ba a ɗora wa Bahelene kaciya ba, da wace hujja za a ɗora wa Bahaushe kwat?

Inda abin ya fi ban tsoro shi ne cikin gida. Iyaye da yawa, saboda gajiya da tambayoyi, sun fara sallamawa. Ana raɗa wa jariri sunan da kakarsa ba za ta iya furtawa ba. Yaro ya tashi a birni bai iya durƙusawa ya gaida baffansa ba. Ana suna ko biki a gidan gwaggo Musulma, a ce ba za a je ba. Ana rasuwa, a aika gaisuwa ta waya. Bayan shekara ashirin, yaron ya je ƙauye neman gonar ubansa, dattawa su ce ba su san shi ba. A ranar ba wanda ya kore shi: iyayensa ne suka cire sunansa da hannunsu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, amma doka ba ta kai kwanon tuwo gidan maƙwabci. Wannan aikin iyali ne. Abincin Kirsimeti ya tsallaka katanga kamar yadda naman layya yake tsallakowa. A je ta'aziyya, a zauna a tabarma ɗaya. A karanta wa yara Zabura da Hausa da dare, a koya musu sunayen kakanninsu da garin da aka binne su. Zumunta a ƙafa take, kuma dokar girmama uba da uwa ba ta keɓe iyayen da addininsu ya bambanta ba.

Mutumin nan da ya tsare kaya a kasuwar Wudil har abokin tafiyarsa ya idar da salla, abin da Bahaushe ya gada ya yi: ya riƙe amana. Abokin da ya bar masa kayansa ya riga ya yarda da shi. Abin da ya rage shi ne ya yarda da amsar da ya ba shi.