Kada "1000W" na jikin kwali ya ruɗe ka wajen sayen fitilar shuka

Idan za ka sayi fitilar LED don noman latas ko na'a-na'a a cikin ɗaki, shawarata ita ce ka kau da kai daga ƙatuwar lambar da ke jikin kwali. Fitilu da yawa masu ɗauke da "1000W" ba sa cin wutar da ta wuce wat 150. Nemi ainihin abin da take ja, domin shi za ka biya: fitila mai wat 100 da ke kunne awa 16 kullum tana shan yunit 48 a wata.

Lumen ma ba ruwansa da shuka, ma'auni ne na idon mutum. Ganye yana amfani da hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700, kuma da PPFD ake auna yawan wanda ke sauka a kansa. Duk kamfanin da bai nuna PPFD a tazara daban-daban ba, ka bar masa kayansa.

Sannan na fi son farin haske a kan shunayya. A ƙarƙashin shunayya, ganye zai fara yin ɗorawa ba ka lura ba, sai shukar ta riga ta tafi.