Na'urar da ke Auna Mutum da Maƙwabcinsa

A shekarar 2016 masu bincike biyu na Jami'ar Amsterdam, Thomas Kipf da Max Welling, suka fito da wata dabarar ƙirƙirarriyar basira da ake kira GCN. Kafin nan, manhajojin gane hoto sun yi nisa, domin ɗigogin hoto a jere suke kamar kunyoyin gona, kowanne da maƙwabta ƙayyadaddu. Amma bayanai da yawa ba haka suke ba. Hanyoyin gari, tura kuɗi tsakanin asusu, abota a intanet, duk raga ce ta ƙulle-ƙulle da zaruruwa, wani ƙullin zarensa biyu, wani dubu.

Aikin GCN a kan irin wannan raga ba shi da wuyar fahimta. Kowane ƙulli yana tattara bayanan maƙwabtansa, ya gauraya da nasa, ya fitar da matsakaici. In aka maimaita, bayanin maƙwabcin maƙwabci ma ya iso. An gwada dabarar a kan tarin Cora, mai maƙalun kimiyya 2,708 da ambato 5,429 a tsakaninsu. An nuna mata fannin maƙala 140 kacal, ta canki fannin waɗanda aka jarraba ta da su daidai da kashi 81.5 cikin ɗari.

Nasara ce, babu musu. Rigimata da masu tallata dabarar a matsayin alƙali marar son zuciya ne, alhali a gindinta akwai zato guda: wanda ka haɗu da shi, irinka ne. A 2019 Felix Wu da abokan aikinsa sun cire yawancin sarƙaƙiyar GCN, suka bar gaurayawar maƙwabta da lissafi mai sauƙi, sakamakon bai ja baya sosai ba. Ashe ƙarfin a gaurayawar yake. A 2020 kuma Jiong Zhu da abokansa sun nuna cewa a ragar da maƙwabta suka saɓa da juna, manhajar da ta yi watsi da zaruruwan gaba ɗaya tana iya doke GCN.

Maƙalar lissafi takan ambaci ta lissafi, titin da ya cushe yakan cushe na kusa da shi. Mutane fa? Ɗan damfara ba ɗan damfara yake nema ba, mai gaskiya yake farauta, don haka a ragar kuɗi wanda aka cuta shi ne maƙwabcinsa na farko. Mai POS a bakin kasuwa kuwa yana karɓar kuɗi daga ɗaruruwan mutanen da bai san ko sunansu ba. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma ba su ce a kama mai farin kan da laifin ɗaukar kanwa ba.

Kada a ce tsoro ne na banza. A 2015 Facebook ya samu takardar mallakar wata fasaha da ta ƙunshi auna mai neman bashi da matsakaicin darajar abokansa. Jerin lambobin da ke wayarka, wanda manhajojin bashi suka riƙa kwasa har Google ya hana su a 2023, shi ma raga ne.

Masu kare dabarar za su ce tana bankaɗo gungun asusun da ake wanke kuɗi da su. Haka ne, kuma a yi amfani da ita wajen nuna wa mai bincike inda zai duba. Rufe asusu ko hana bashi kuwa hukunci ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta bai wa mutum haƙƙin ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa. Duk bankin da ya ɗauki wannan dabara, wajibi ne ya iya faɗa wa mai asusu nawa ne daga makinsa ya fito daga aikinsa, nawa ne daga na mutanen da suka taɓa tura masa kuɗi.