Kyamara A Ƙirjin Ɗan Sanda

Tun zamanin En'e, sa'ad da Anka da Gummi da Bukkuyum suke ƙarƙashin Sakkwato, in ɗan doka ya tare talaka a hanyar kasuwa, abin da ya gudana tsakaninsu ba mai shaida sai Allah. In aka je gaban alƙali kuwa, bakin mai ɗamara shi ke rinjaye. An daɗe da haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, amma wannan miki bai warke ba.

To, ga wata dabara ta zo, watau 'yar ƙaramar kyamara da ake maƙala wa jami'i a ƙirji, tana ɗaukar hoto da murya muddin yana bakin aiki. A 2021 Gwamnatin Jihar Legas ta ƙaddamar da ita ga jami'anta, bayan boren da ya sa aka rushe SARS a Oktoba 2020.

Muna goyon bayanta, amma jama'a su yi hattara. A garin Rialto na Amurka an gwada ta a 2012, ƙararraki suka ragu ƙwarai. Da aka gwada ta a Washington kan 'yan sanda fiye da 2,000, sakamakon 2017 bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba. Waɗanda suka danne George Floyd a 2020 ai da kyamara a ƙirjinsu, duk da haka sanarwar farko cewa ta yi rashin lafiya ce ta same shi. Wayar wata yarinya ce ta tona asiri.

Saboda haka tambayar ita ce, a hannun wa hoton zai kwana? In a aljihun teburin shugaban caji ofis ne, an ba kura ajiyar nama. A ganinmu, kofi ɗaya ya tafi wurin magatakardar kotu, a shigar da shi littafi da lamba da kwanan wata, aikin da malaman ofis suka fi kowa sani. Wanda ya kashe tasa da gangan a hore shi.

Kuma kada a tsaya kan 'yan sanda. Askarawan da aka ƙaddamar a Zamfara a 2024 su ne talakan ƙauye ya fi gamuwa da su, a ƙasar da zargin mutum da kai wa 'yan bindiga rahoto kan ci ransa kafin ya ga alƙali. Da su ya kamata a fara. Sai a tanadi cajin hasken rana, a kuma zaɓi irin da ke ajiye hoto ko ba layin waya, don ba mu manta da yanke layukan Zamfara a Satumba 2021 ba. Fuskar mai ba da shaida kuma a rufe ta, gama gobe da safe gona za shi.